Laimomin Sharbur: A Je Kallo Ko A Zauna Gida?

Kalmalo gari ne na bakin tafki a ƙasar Illela, arewa da Sakkwato, dab da iyakar Nijeriya da Nijar. Mutumin da ya karya kumallo a Kalmalo, in ya ga dama sai ya ci abincin rana a Birnin Ƙonni, ya komo gida rana ba ta faɗi ba. Saboda wannan kusanci, mutane da yawa suna da dangi a ƙetaren iyaka, kuma ba a rasa mai jin Faransanci a kasuwa ko a majalisa. Abin da ya fito daga Faransa ba ya zama baƙo ƙwarai a nan kamar yadda ya ke zama a Kano ko Zariya.

To, cikin abubuwan da Faransawa su ke alfahari da su akwai wani fim na soyayya mai suna Les Parapluies de Cherbourg, watau Laimomin Sharbur. Wani mutum wai shi Jacques Demy ya shirya shi, Michel Legrand ya tsara kiɗansa, aka fara nuna shi a 1964. A wannan shekara ya ci babbar kyautar bikin finafinai na birnin Kan, wanda Turawa su ke ɗauka gaba da sauran bukukuwa irinsa. A Amurka kuma an sa sunansa cikin masu neman kyautar Oska har a fanni 5, ko da ya ke bai sami ko ɗaya ba. Yarinyar da ta fito a cikinsa, Catherine Deneuve, ba ta wuce shekara 20 ba a lokacin, kuma daga wannan fim ne sunanta ya game duniya.

Amma yabon Turawa ba ya zuba wa mota mai. Kalmalo ba ta da gidan silima, sai gidan kallo inda a ke nuna ƙwallo da finafinan Hausa da na Indiya, sai kuma wayar da ke aljihun samari. Wanda ya ke so ya ga fim a babban allo dole ya nufi birni, Sakkwato ma da ta ke kusa ta fi kilomita 80. Saboda haka tambayar da ta kamata ita ce: in labari ya zo cewa za a nuna wannan fim a silima, ya cancanci mutum ya biya kuɗin mota da na ƙofa, ya bar lambunsa yini guda? Amsa ita ce ya cancanta, amma ba ga kowa ba, kuma ba don dalilin da Turawa su ka fi ambata ba.

Labarin a Taƙaice

Sharbur gari ne na bakin teku a arewa maso yammacin Faransa, tashar jiragen ruwa ce, ƙasa ce kuma mai yawan ruwan sama. A ƙasar Hausa laima ta sarauta ce da tsare rana, amma a can kayan kowa ce, kamar malafa ga manomi. A wannan gari akwai wata mace da mijinta ya rasu, a na ce da ita Madam Emeri, tana da ɗan kantin sayar da laima, tana zaune da 'yarta Janbiyab mai shekara 17. Yarinyar nan tana son wani saurayi bakanike mai shekara 20, sunansa Gi, wanda ke zaune da wata tsohuwa 'yar'uwar iyayensa da ta rene shi. Tsohuwar ba ta da lafiya, wata budurwa mai kunya da haƙuri wai ita Madalen ke jinyarta.

An raba labarin kashi 3: tafiya, da rashi, da komowa. A watan Nuwamba na 1957 takarda ta zo wa Gi cewa an ɗauke shi soja na shekara 2, za a kai shi Aljeriya, inda Faransa ke yaƙi da mutanen ƙasar tun 1954. Kafin ya tashi su ka keɓe, abin da bai kamata ya auku ba ya auku. Ta raka shi tashar jirgin ƙasa tana kuka, tana rantsuwa za ta jira shi. Bayan tafiyarsa sai ga ciki. Wasiƙunsa kuwa sai jifa-jifa.

Tun kafin tafiyar Gi kanti ya shiga wani hali, bashi ya taso wa uwar, har ta ɗauki sarƙarta ta lu'ulu'u ta kai sayarwa. A can su ka gamu da Rolan, wani attajiri mai fataucin duwatsu masu daraja, ya sayi sarƙar, ya kuma ga yarinya ya ji yana so. Aka gaya masa zancen ciki, ya ce ya ji ya gani, zai riƙe abin da za a haifa kamar nasa. Yarinya ta yi ta wasiwasi, daga baya ta yarda, aka ɗaura aure, su ka bar garin.

A watan Maris na 1959 Gi ya komo da rauni a ƙafa, ya tarar an sayar da kanti, babu uwa babu 'ya. Ya lalace na ɗan lokaci, ya yi faɗa da maigidansa ya bar aiki, ya shiga shan giya da yawon banza, har tsohuwar da ta rene shi ta rasu. Madalen ce ta ja shi ya komo hanya. Ya aure ta, ya sa gadon da ya samu ya buɗe gidan mai. A watan Disamba na 1963, da dare, dusar ƙanƙara na zuba, sai ga wata babbar mota ta tsaya shan mai. Ashe Janbiyab ce da 'yarta. Su ka shiga ofis su ka yi 'yan maganganu kamar na baƙi. Ta tambaye shi ko yana so ya ga yarinyar, ya ce a'a. Ta ja mota ta tafi, matarsa da ɗansa su ka komo daga unguwa, ya rungume su. Ƙarshen fim ke nan, dukansa sa'a ɗaya da rabi.

Zancen Waƙa

Abu na fari da zai ba mai kallo mamaki shi ne, tun daga farkon fim ɗin har ƙarshensa ba a yin magana sai da waƙa. Gaisuwa da waƙa, ciniki da waƙa, faɗa da waƙa, har tambayar irin man da za a zuba wa mota da waƙa a ke yinta. Wanda ya saba da finafinan Indiya zai zaci ya san wannan hanya, amma ba ita ba ce. Tun da Kwarori su ka buɗe silimar Rex a Kano a 1937, daga baya kuma su ka riƙa kawo finafinan Indiya irin su Mother India na 1957, mutanen Arewa sun saba da a tsai da labari a yi waƙa da rawa, sa'an nan a koma kan labari. A nan kuwa ba a tsai da kome, ba kuma rawar gayya a kan tsauni ko cikin furanni. Waƙar ita ce maganar.

Ta wani gefe dai akwai kama. Kamar yadda Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi su ka riƙa yin waƙa a ɓoye a da 'yan wasa su motsa baki, haka a ka yi a nan. An fara ɗaukar kiɗa da muryoyi duka, sa'an nan 'yan wasa su ka koyi bin su da leɓe. Muryar Janbiyab ta wata mawaƙiya ce mai suna Danielle Licari, ta Gi kuwa ta José Bartel.

Lalle mai kallo zai yi dariya a minti 10 na farko, shi Demy ma ya san haka, gama a farkon fim ya sa wani bakanike ya ce shi ba ya son wasan da a ke yi da waƙa tsantsa, ya fi son silima, alhali da waƙa ya ke faɗin haka. Amma in an daure, kafin a kai tashar jirgin ƙasa kunne ya saba. Kuma abin ba bare ba ne ga Bahaushe. Mai talla da waƙa ta ke kiran ciniki, mai daka da waƙa ta ke yi wa kishiya habaici, almajiri da waƙa ya ke bara. Amfanin wannan dabara shi ne, akwai wani amo mai taushi da a ke kaɗawa sa'ad da masoyan su ke ban kwana, sai a sake kaɗa shi a gidan mai bayan shekara 6, sa'ad da bakinsu ba ya faɗin kome sai 'yan maganganu kamar na baƙi. Kiɗa ya tuna da alkawarin da masu shi su ka daina ambata. Ko wanda bai ji Faransanci ba zai gane wannan.

Inda Darajarsa Ta Ke

Hausawa su kan ce garin masoyi ba ya nisa. Wannan fim ya zo ya gwada karin maganar ne, ya nuna cewa wani lokaci ya kan yi nisa, kuma ba sai da mugun mutum a tsakani ba.

A yawancin finafinan soyayya da a ka saba gani, na Indiya ne ko na Hausa da su ka bunƙasa bayan Turmin Danya na 1990, in masoya su ka rabu akwai wanda za a nuna da yatsa: azzalumin uba, ko mai ba da bashi da ruwa, ko kishiyar uwa mai bin bokaye. Mai kallo ya tsine masa, ya koma gida zuciyarsa wasai, domin laifin na wani ne. A Laimomin Sharbur in an nemi mugu ba za a same shi ba. Uwar ba ta kulle 'yarta a ɗaki. Mace ce da ba ta da miji, ga bashi, ga 'ya da ciki, ga saurayin da ba a san zai komo da rai ba. Ta matsa ƙwarai, amma duk uwar da ta kalle ta za ta san abin da ke hana ta barci. Rolan bai yaudari kowa ba, da ladabi ya nemi aure, ya kuma cika abin da ya ɗauka. Gi bai ci amana ba, soja ne a bakin daga, ba kullum ya ke samun damar rubutu ba. Ita yarinyar kuma da ta yi rantsuwa a tasha ba ƙarya ta ke yi ba.

To, wa ya kashe alkawarin? Nisa, da shiru, da bashi, da wucewar kwanaki. Wurin da ya fi ko'ina ƙarfi a fim ɗin shi ne inda yarinyar ta lura fuskar saurayin ta fara ɓace mata a zuci, tana kuma mamakin kanta, yadda ta zaci rabuwa za ta kashe ta, ga shi ba ta mutu ba. Ba kowane mai shirya fim ke da ƙarfin halin faɗin wannan gaskiya ba, domin ba ta da daɗi, ba kuma a yi mata tafi.

Mutumin Kalmalo ba ya bukatar a fassara masa wannan. In an gama girbi samari su kan fita cin rani, waɗansu kudu zuwa Ikko da Badun, waɗansu arewa ta Agadas zuwa Libiya da ita Aljeriyar. Wani ya ce wata 4 zai yi, ya shekara 3. Ya bar yarinya da kayan na-gani-ina-so, ya bar iyayenta da surutun gari, ga wani mai shanu ko mai shago a Illela yana aike. Waya ta rage shirun, amma ba ta biya bashi, ba ta kuma hana shekarun yarinya tafiya. Duk gidan da irin wannan ta taɓa faɗa wa zai ga kansa a kantin laima. Darasin kuwa ga kowa ne: ga saurayi, cewa alkawari kaya ne, kuma wasiƙa ɗaya a kan kari ta fi rantsuwa goma a tasha. Ga iyaye, cewa abin da a ka yanke cikin tsoron bashi shi yara za su zauna a cikinsa har tsufa.

Ƙarshen ma abin dubawa ne. Ba wanda ya sha guba, ba wanda ya haukace, ba a kuma kashe Rolan don masoya su koma wa juna ba. Kowa ya zauna da rabonsa, matar mutum kabarinsa. Sai dai mai lura zai ga wani abu: tun suna saurayi da budurwa sun zaɓi sunan da za su sa wa 'yarsu, Faransuwaz. Ita ta sa wa 'yarta wannan suna, shi kuma ya sa wa ɗansa Faransuwa. Ba wanda ya ɗaga zancen a cikinsu, an bar wa mai kallo ya gane da kansa.

Aibobinsa

Ba a rasa nono a ruga, haka ba a rasa aibi a aikin ɗan Adam. Na fari, fim ɗin ya ɗauki cikin da a ka yi ba aure kamar tsautsayi ne kawai na rashin sa'a. Ya nuna wahalar da ta biyo baya, amma bai kira abin da sunansa ba. An kuma ɗaura aure da cikin wani, abin da malaman Malikiyya ba su yarda da shi sai mace ta sauka. Akwai wurin da Gi ya shiga gidan giya ya kwana da karuwa. Ba a nuna tsiraici na fitar hankali ba, duk da haka ba fim ne na yara ba.

Na biyu, ƙin da Gi ya yi na ganin 'yarsa. Masu sharhi na Turai su kan yaba wannan, wai dattaku ne, kada ya tayar da ƙurar da ta kwanta. Amma yarinyar tana zaune cikin mota, taku kaɗan tsakaninta da wanda ya haife ta, ba ta sani ba, fim ɗin kuma bai tsaya ya tambayi hakkinta ba. A ƙasar da a ke ɗaukar asali da muhimmanci, wannan wuri zai tsaya wa mutum a maƙogwaro, kuma da gaskiyarsa.

Na uku shi ya fi nauyi ga mazaunin iyaka. Yaƙin Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962, ya ci rayukan dubban ɗaruruwan mutanen ƙasar, amma ba a ga fuskar Ba'aljeriye ko ɗaya ba a fim ɗin. Yaƙin kamar fari ne ko ambaliya, abin da ya raba masoyan Faransa ke nan kurum. An yaba wa Demy domin ya taɓa zancen a lokacin da Faransawa da yawa ba su so a ɗaga shi, wannan gaskiya ne, amma rabin labari ya bayar. Faransa ta ɗebi 'yan Afirka ta Yamma soja, har da na Nijar kafin ta sami mulkin kanta a 1960. Wanda ya ke son ɗaya gefen sai ya nemi Cabascabo na Oumarou Ganda, mutumin Yamai wanda shi kansa ya yi wa Faransa yaƙi a Indosin. An nuna fim ɗinsa a Kan a 1969, labarin sojan da ya komo gida da kuɗi, abokai su ka taya shi cinyewa, su ka watse.

Na huɗu, harshe. Fim ɗin da Faransanci ya ke, fassarar da a kan rubuta a ƙasan hoto kuma yawanci da Turanci ce, tana wucewa da sauri. Wanda bai ji ɗaya daga cikin biyun ba, ya kamata ya san labarin tun kafin ya shiga, ko ya zauna kusa da ɗan'uwa daga Ƙonni.

Silima Ko Waya?

Saura tambaya guda: tun da a na iya ganinsa a waya, me ya kai mutum birni? Dalili shi ne, rabin maganar fim ɗin da launi a ke yinta. An fara shi ne da hoton da a ka ɗauka daga sama, ruwa na sauka a kan titin duwatsu, laimomi masu launi iri iri suna giftawa. An shafe bangayen gari da fenti, an liƙa wa ɗakuna takarda mai zane ja da kore da ruwan hoda, har a kan sa rigar yarinyar ta dace da bangon da ta jingina, kamar ɗakin yana so ya haɗiye ta. Da a ka zo gidan mai kuwa sai fari ya rufe ko'ina, ga duhun dare, na'urar ɗaukar hoto tana ja da baya har mutane su ka zama ƙanana. A allon waya mai faɗin tafin hannu wannan duka ya kan zama kamar zanen atamfa da a ka hango daga nesa, kiɗan kuma da taron makaɗa su ka yi ya koma kamar kukan sauro.

Masu fim ɗin sun san haka. Launin kwafin farko ya dushe da tsufa, saboda haka bayan rasuwar Demy a 1990 matarsa Agnès Varda, wadda ita ma gwanar shirya fim ce, ta tsaya a ka gyara shi a 1992, a ka kuma sake gyara shi da na'urorin zamani a 2013. Bayan wannan, kallo cikin duhu tare da jama'a, ba mai kira ba mai sallama, shi ke ba kunne damar sabawa da waƙar. A gida kuwa, da dariyar farko ta zo sai a kashe a nemi wani.

Hukunci

Wanda ya ke neman dambe da tseren motoci, ko rawa da raha da ɗaurin aure a ƙarshe, ya riƙe kuɗinsa, zai fito yana cizon yatsa. Yara kuma a bar su gida. Ba kuma fim ne da za a sayar da buhun gero ko a bar albasa ba ruwa dominsa ba. Amma magidanci ko uwar 'ya'ya, ko saurayin da ke shirin cin rani ya bar wata da alkawari, in wata bukata ta kai shi birni ya tarar a na nuna Laimomin Sharbur, to, ya biya kuɗin ƙofa ya shiga, ba zai yi hasara ba. Ya kalla da idon basira, ya ɗauki gaskiyar da ke ciki, ya bar wa Faransawa al'adarsu. In ya komo Kalmalo zai tarar zancen da za a yi a majalisa ba na Sharbur ba ne, na wane ne da wance, da shekarar da ya tafi, da wasiƙar da ba ta zo ba. Gani ya kori ji.